Shaidar Inna a Kan Ɗan Wata Mata

Da a ce ni direba ne ko ma'aikacin banki, da tuni an gano akwai abin da ke damuna. Amma ni tela ne, kuma a garin nan babu mai mamakin tela idan ya saɓa alkawari. Mutum zai zo karɓar ɗinkinsa ranar Laraba, ya tarar da yadinsa a ninke yadda ya kawo shi, ya wanke ni tas, ya ce dama duk halinku ɗaya, ya tafi. Ni ma sai in yarda da shi. Sana'ar ce ta yi mini rumfa, na yi shekara da shekaru a ƙarƙashinta a wani ɗan shago a Fagge, babu wanda ya taɓa leƙowa ya ga me ke ciki.

Abin da masu zagin ba su sani ba shi ne, sauran teloli suna sane suke shara ƙaryarsu. Ni kuwa idan na ce Laraba, har ga Allah Larabar nake nufi. Sai in hau keke da kyakkyawar niyya, in ga zare ya ƙare, in tashi nemansa, in ci karo da wani tsohon almakashi da ya dakushe, in zauna wasa shi, daga nan in tuna ban mayar wa maƙwabcina dutsen gugarsa ba, in je in tarar ana musun ƙwallo. Kafin in farga an kira la'asar. Wata rana kuma aikin wuyan riga ɗaya ne zai kama ni, in duƙufa a kansa tun hantsi, abincin da aka aiko daga gida ya huce har ya yi fata, ni ban san ma an kawo ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ni duk gorunana a tasha nake fafe su.

Matata ta yi haƙuri da wannan hali har haƙurin ya zama kamar sana'arta ta biyu. Ta san idan ta aike ni gishiri zan iya dawowa da kankana. Ta san makullin shago yana iya kwana a cikin firji. An yi mini rubutu na sha, an yi mini hayaƙi, wata goggonta ma ta rantse iska ce ta shafe ni tun ina yaro. Duk muka mayar da abin wasa, har ranar da na kai ta kasuwar Sabon Gari a kan babur.

Ta ce in jira ta a bakin layin masu kayan miya, ba za ta daɗe ba. Ina nan tsaye sai na hango wani mai sayar da ƙafar keken ɗinki irin wadda na daɗe ina nema. Na bi shi, muka yi ciniki, na saya, murna ta cika ni. Na hau babur ɗina na kama hanyar gida ina ta tsara yadda zan ɗaura ta. Na shiga gida da sallama, na ji shiru, har na fara faɗa a raina cewa matar nan ta soma fita ba ta gaya mini ba.

Ta dawo a adaidaita sahu da buhun tattasai da albasa, gumi ya jiƙa mata mayafi. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi rantsuwoyina. Amma ba ta ɗaga murya ba, wannan kuwa shi ya fi tsorata ni. Ta ajiye kayanta, ta sha ruwa, sannan ta zauna ta dube ni.

"Malam," ta ce, "abu biyu ne. Ko dai ban kai a tuna da ni ba, ko kuwa akwai abin da ke damunka. Ina so in san wanne ne, don in san irin zaman da nake yi."

Ni kaina ban san wanne ne ba. Na san ina son ta. Amma mutumin da ya bar matarsa a kasuwa ya taho da ƙafar keke ba shi da bakin yin wannan bayani.

Ƙanwar matata mai aikin jinya ce ta haɗa mu da wata likita mai duba tunani da halayyar mutane. Da farko na ce Allah ya kiyaye, ni ba mahaukaci ba ne, ban taɓa tsintar leda a titi ba. Matata ta dube ni irin kallon ranar kasuwa, sai na nemi hulata.

Ofishin likitar yana saman wani bene a Sabon Gari, ƙasansa masu sayar da kayan gyaran janareto ne, saboda haka duk maganar da za a yi sai an ɗan ɗaga murya. Bayarabiya ce, amma a unguwar aka haife ta, Hausarta har ta fi tawa karin magana. Na zaci zan zauna ta haska mini fitila a ido ta rubuta mini ƙwaya in tafi. Sai ta ce mini wannan ba aikin zama ɗaya ba ne. Ta ce akwai wata lalura da ake kira ADHD, wadda ke hana mutum tsayar da hankalinsa inda yake so, kuma manya ma suna da ita, ba yara kaɗai ba. Amma abubuwa da yawa suna kama da ita: rashin barci, damuwa, baƙin ciki, shaye-shaye, har da wasu cututtukan jiki. Sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta kore, kafin ta ce ga abin da ke damuna.

Haka na yi ta zarya. Ta tambaye ni barcina, ta tambaye ni goro nawa nake ci da shayi nawa nake sha. Da ta zo kan ko ina taɓa irin abin da samarin yanzu ke sha a kwalba, raina ya ɓaci, na ce mata ni da iyalina da furfurata. Ta ce kowa ma haka take tambayarsa, har limamai. Ta tura ni aka ɗebi jinina, aka duba kunnena ko dai ba na ji ne. Ta karanto mini lambobi ta ce in maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta ce in danna maɓalli idan wani harafi ya fito, in ƙyale idan wani ne. Na fara da ƙwazo kamar ɗan jarrabawa. Can sai idona ya faɗa kan labulen tagarta, na ga wanda ya yi masa kalmasa ya karkace tun daga tsakiya, abin ya tsaya mini a rai, har na fara lissafin yadda zan farke in gyara. Da na dawo hayyacina haruffa sun wuce kamar motocin titin Murtala.

Matata ma an ba ta nata tambayoyin a kaina. Ban taɓa ganin ta riƙe biro da irin wannan nishaɗi ba. Ta cika duk inda aka bari, ta juya bayan takardar ta ci gaba, sannan ta tambaya ko akwai ƙarin takarda.

Bayan duk wannan sai likita ta ce saura abu ɗaya, kuma shi ne ginshiƙi. Wannan lalura ba ta faɗo wa mutum da girmansa, tun yarinta take farawa. Idan ban kasance haka ina yaro ba, to wani abu ne daban, sai a koma neman sa. Abin da na tuna da kaina bai isa ba, tana bukatar babba wanda ya san ni kafin in balaga. Ta tambayi takardun sakamakon firamare, na ce gara ta riga ta karanta su. Ta tambayi wanda ya raine ni, na ce kakata ce, ta rasu. Mahaifina ma ya rasu. Ƙannena kuwa lokacin wasu suna goye, wasu ba a haife su ba.

"Mahaifiyarka fa?"

"Tana nan da ranta, a nan Fagge."

"To ai shi ke nan, a kawo ta."

Ni da matata muka dubi juna, sai dariya ta ƙwace mata, karo na farko tun ranar kasuwa.

Ni ɗan fari ne. Inna kuwa Bafulatana ce ta wajen Yola, an kawo ta Kano tana amarya, ta bar komai a can ban da kunya. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata a cikin gida ɗaya, daga nan Inna ta ɗauke idonta daga kaina. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Akwai wani mai kayan koli da muke suna ɗaya, har ya daina zuwa layinmu Inna ba ta taɓa saya a wurinsa ba, don kada ta kira shi. Idan na je gaishe ta, bango take amsa wa. Idan tana son a ba ni abinci sai ta ce wa ƙanwata, akwai tuwo ya yi saura, ko akwai mai so. Da na kwanta zazzaɓin taifot har aka fara cire rai, aikowa ta yi a tambayi matata wai yaya mai jikin gidanku. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na ga ana yi. Amma in an ce in faɗi gaskiya, na daɗe da ɗauka cewa Inna ba ta san komai a kaina ba, tun da ba ta kallona.

Na yi wa likita wannan bayani. Ta riƙe haɓa, ta ce ta san al'adar, ƙawayenta na makaranta sun sha ba ta labari, amma ba ta zaci har yanzu akwai masu riƙe ta haka ba. Ta ce su a wajensu da sunan ɗan fari ake kiran uwa har ta mutu, wata ma sai a manta sunanta na yanka. Na ce da za a yi wa Inna haka, da ta koma Yola a ƙafa.

Matata ce ta ɗauki nauyin zuwa wurin Inna. Ta ba ni labari cewa Inna ta saurare ta tana tsintar shinkafa, sannan ta ce ita me ta sani, a je a tambayi waɗanda suka yi rainon. Matata ta ce ai suna kushewa. Inna ta ce to Allah ya ji ƙansu. Da matata ta ga za a tashi a tutar babu, sai ta faɗa mata zancen kasuwa, da tambayar da ta yi mini, ta ce har yau ba ta samu amsa ba, kuma zaman ya fara yi mata nauyi. Inna ta ci gaba da tsintarta har ta gama. Daga nan ta ce dama tana son zuwa Sabon Gari duba wani kwano, idan hanya ta biya ta wajen sai ta raka surukarta, amma ita ba wurin kowa za ta ba.

Ranar tafiya na tare adaidaita sahu, Inna ta tsaya tana kallon sama kamar mai duban hadari, har sai da na gane na koma gaba na raɓa kusa da direba. Da muka hau benen ta zauna a bakin kujera, ta ja mayafi har goshi. Likita ta durƙusa ta gaishe ta da kyau, ta tambayi gida da jikoki, Inna ta amsa da sakin fuska. Sai likita ta buɗe littafinta ta ce, "Inna, ɗan nan naki, yaya yake lokacin yana ƙarami?"

Inna ta dubi fanka. Ta dubi ƙafarta. Ta tambayi matata ko wannan ƙarar ta janareto haka take yini. Likita ta sake gwadawa ta wata hanya, Inna ta yaba labulen, wanda ni na san a karkace yake. Na ji tausayinsu su biyun, na kuma ji tsoro, domin idan aka tashi haka, matata za ta koma gida da tambayarta a hannu.

Likita ta ce in ɗan ba su wuri. Na fita na zauna a benci a baranda. Sai dai bangon ofishin na falanki ne, bai ma kai rufi ba, kuma janareton ƙasa ya zaɓi wannan lokacin ya mutu. Ina jin har motsin takarda. Na so in matsa, ƙafata ta ƙi.

Can sai na ji Inna ta yi gyaran murya.

"Akwai wata mata da muka taɓa zama gida ɗaya da ita a Fagge," ta ce. "Tana da wani yaro."

Likitar nan Allah ya yi mata basira. Ba ta yi dariya ba, ba ta gyara mata ba. Ta ce, "To, Inna, ba ni labarin yaron matar nan."

Sai ga Inna, wadda ban taɓa jin ta haɗa jimla uku a kaina ba, ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Ta ce yaron matar nan ba ya zama, ko a kan tabarmar cin abinci da gwiwa ɗaya yake ci. Takalmansa ɗaya-ɗaya suke ɓata, har kakarsa ta tara na hagu cike da kwando. An taɓa aikensa sayen manja da safe, sai bayan azahar aka samo shi a tashar jirgin ƙasa yana kallon yadda ake haɗa taragu, kwanon na kife a kansa, kuɗin na hannunsa. Malaminsu na firamare ya zo gida da kansa ya ce yaron yana amsa tambayar da aka yi wa na kusa da shi, tasa kuwa bai ji ta ba. Yana katse manya a tsakiyar magana, a dake shi, gobe ya sake. Amma ranar da ya samu tsohuwar hular kakansa, ya zauna a bakin rijiya yana farke zaren yana mayarwa tun safe har rana ta juya, ko ruwa bai nema ba. Ta faɗi shekarar da ya ƙone a hannu da fitila, ta faɗi wane hannun. Na duba, tabon yana nan inda ta ce.

Rabin abubuwan nan ni kaina na manta da su. Likita ta tambaya yaya aka yi ta san duk wannan, tun da a ɗakin kakarsa yaron yake. Inna ta ce ɗakin matar yana da wata 'yar taga mai kallon tsakar gida, kuma matar ba ta da aikin da ya wuce tankaɗe a gindin tagar.

Sai likita ta yi tambayar da ta kawo mu. Ta ce a ganin Inna, yaron nan ganganci yake yi, ko rashin damuwa da mutane ne.

Inna ta ce akwai ranar da kakarsa ba ta da lafiya, aka aike shi sayo magani, ya dawo hannu biyu yana ba da labarin wasu masu wasa da kura. Ubansa ya zane shi sosai, bai yi kuka ba. Bayan kowa ya watse sai ya zagaya bayan randa ya tsuguna, yana dukan kansa da hannunsa, yana tambayar kansa don me, don me.

"Kakar nan tasa ita ce duk duniyarsa," in ji Inna. "Wanda ya fi so ma yana manta shi, ba don bai kai ba. So yake ya riƙe, abin ne ke zame masa. Uwar tana gani ta taga. Ba ta da ikon fita ta ɗauke shi, sai ta yi ta tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe."

Na ji matata ta ja hanci. Ni kuwa ina zaune a benci, ƙato da ni, na cusa fuska a cikin hula. Ban san ana kallona ba duk shekarun nan. Na yi farin ciki, na kuma ji wani irin ciwo, duka a lokaci ɗaya, har na rasa wanda zan fara ji.

Likita ta ce saura tambaya ɗaya, domin abin yakan bi jini: ko a dangin yaron akwai mai irin wannan hali? Na zaci za a ɗora wa marigayi mahaifina, tun da ba ya nan balle ya kare kansa. Sai na ji Inna ta sake gyaran murya.

"Matar ta ce in an tambaya a faɗa," ta ce a hankali. "Ita ma ba a barin ta da tukunya biyu a wuta. Kada a ga laifin yaron. A nono ya sha."

Daga baya likita ta haɗa komai, gwaje-gwajen da bayanin matata da na Inna, ta zaunar da mu ta ce lalurar ce, ta yi mana bayanin magani da dabarun da za su taimaka. Wasu sun yi aiki, wasu na manta inda na ajiye su. Amma ba wannan zaman ne ya raba gardamar ba, an riga an raba ta tun ranar da nake baranda.

Da ƙofa ta buɗe matata ce ta fara fitowa, idonta ja. Ta tsaya a gabana, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Na samu amsata, Malam. Tashi mu je gida."

Inna ta fito bayanta, ta wuce ni kamar ta wuce ginshiƙin baranda, fuskarta na kallon matakala. Sai da ta dafa ƙarfen benen za ta sauka ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"Ki ce wa mutumin nan ya gyara maɓallan rigarsa. Tela guda, yana yawo a gari haka."

Na sunkuya na duba. Ashe tun daga gida a karkace na saka su.